Kashe-Bazarar Ɗan Juma

Idan maganar wuƙa ce, a bar wa Ɗan Juma. Duk mahautar Talata Mafara babu mai feɗe sa da sauri da tsabta kamarsa, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Matsalar ita ce bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi, kuma shi bakin ba ya komawa kube. Babu sana'ar da za a ambata a gabansa bai ce ya taɓa yi ba. Sau ɗaya tak ya raka tirelar shanu kudu, yau shekara tara, amma har gobe bai gama dawowa daga tafiyar nan ba.

To, sai 'yarsa Zahra'u ta samu miji. Shafi'u sunansa, ɗan gidan malamai ne a Maradun. A makarantar horon malamai suka haɗu, suka daidaita kansu, iyaye suka ji suka yi murna. Aka sa ranar Alhamis manyan yaron za su zo neman aure. Bisa al'ada uba ba ya zama a irin wannan taro. Wansa Ummaru ne zai karɓi baƙi a zauren gidansu na gado, shi kuwa Ɗan Juma ya lafe a cikin gida kamar ba ya gari. A tara mutane a zaurensu a ce ya yi shiru, wannan kaɗai ya ishe shi ciwo. Sai kuma wata mai sayen ƙashin miya ta zo ta ƙara masa da tsegumi, wai wata gwaggon yaron ta ce gidan mahauta ko ruwan randa ƙarni yake yi, a dai ƙara tunani.

Maganar ta soke shi har cikin zuciya. Yana son yarinyar nan kamar ransa, kuma yana ganin yadda take washe baki duk sanda wayarta ta yi ƙara. Idan auren nan ya watse saboda sana'arsa, bai san da wane ido zai kalle ta ba.

Ya shigo gida ya tarar da matarsa Mariya tana wankin ƙore.

"Mi kika shirin ba baƙin Maradun?"

"Hura da nono, da zoɓo, sai kan rago da za ni dahwa."

"Soke rago. Ko ƙashi kar shi gitta zauren ga."

Mariya ta ajiye ƙwarya ta dube shi. "Maigida, gidan mahauta a yi baƙi ba nama? Mi za a ce da mu?"

"Za a ce mun waye. Ni za ni haɗa musu abin sha da hannuna, irin wanda nis sha kudu. Kankana da mangwaro da lemun tsami, a daskare su awa dutse, a niƙe su da sanyinsu. Shi ba ruwa ba, shi ba ƙanƙara ba. Kashe-bazara sunanai."

"Wa yas sa mai sunan?"

"Ni."

"Ka taɓa yi?"

"Na ga yadda anka yi. Mutumin da ka hiɗe sa cikin rabin awa, kankana za ta gagare shi?"

"Ai sa ba a shan shi cikin kofi."

"Ke dai ki zura ido. Tunda sun hana ni zama, hannuna za shi zauna a madadina."

Ranar Talata, ranar kasuwa, ana zafin nan na bazara mai sa kare ya manta da haushi. Ɗan Juma ya bar teburinsa ya shiga layin 'yan gwari. Ya sayi manyan kankana uku na Bakura, da kwandon mangwaro, da lemun tsami cikin buhu, kuma duk rumfar da ya tsaya sai ya yi wa'azin kashe-bazara. Kafin azahar hatta masu sayar da igiya sun san malaman Maradun za su sha abin da ba su taɓa karantawa a littafi ba.

Khalifa mai tsire, abokin wasansa tun ƙuruciya, ya ɗago daga gaban wuta ya ce, "Ɗan Juma, in ta mutu ka aiko muna mu zo jana'iza."

"Wa?"

"Bazarar."

"Za ka zo, kuma da kokonka."

Ya kwashi kayan ya kai shagon wansa Ummaru, inda akwai firiza mai aiki da hasken rana, wadda suke ajiye naman da ya kwana. Ya ɗora kankana a kan gungumen sara, ya zaro barho, babbar wuƙarsa ta aiki, ya goge ta a gefen riga, ya hau yanka. Gaskiya a faɗe ta, ba a taɓa yi wa kankana yankan da ya kai wannan kyau ba, tsoka-tsoka kamar naman suya. Mangwaro ma haka. Ya ƙulla su a baƙar leda yadda ya saba ƙulla wa masu sayen nama, leda shida, ya tura su cikin firiza tsakanin tumbi da ƙafar sa. Ummaru yana Bakura sayen shanu, balle ya ce masa kul.

Ranar Alhamis da safe ya tsaya a ƙofar gida ya sanar da duk mai wucewa cewa yau azumin nafila yake yi. Ba wanda ya tambaye shi. Shi dai so yake labari ya kai kunnen malamai, su san gidan mahauta ma akwai masu ibada.

Da hantsi ya je ɗauko kaya. Baƙar leda kuwa duk ɗaya ce, musamman in ta daskare. Ya lalubo ya lalubo, ya ga bakwai maimakon shida. Ya buɗe ta bakwai ɗin ya leƙa, ya ga abu rawaya kamar ɗorawa, a dunƙule, da farin sanyi a kansa.

"Allahu akbar," in ji shi, "mangwaro ya yi albarka."

Ba mangwaro ba ne. Kitsen wata tsohuwar saniya ne, irin rawayan nan, wanda Ummaru ya ajiye wa Khalifa na shafa wa tsire. Ɗan Juma ya juye shi cikin bokiti tare da sauran, ya ɗaure a bayan mashin ya nufi gida.

Abin niƙa ya rage. A ɗakin Mariya akwai sabuwar bilanda cikin kwalinta, tana cikin kayan ɗakin da ake tara wa Zahra'u. Ya sa hannu ya sauko da ita.

Zahra'u ta biyo shi tsakar gida. "Baba, kayan ɗakina na hwa. Ko kwalin ba a buɗe ba."

"Gwaji za a yi mata, ɗiyata. In tana da aibi, gara a sani tun gidan uba."

Abin mamaki, ranar akwai wuta. Ya cika bilanda da dunƙulallun 'ya'yan itace masu taurin dutse, ya danna da tafin hannu, ya ƙara, bai sa ko ɗigon ruwa ba don kada ya ɓata sanyi. Ya murɗa makunni har ƙarshe. Bilanda ta yi wani kuka kamar ɗan akuyan da aka taka, ta yi rawa a kan tabarma, ta saki hayaƙi da warin ƙonanniyar waya, sannan ta yi shiru na har abada.



"Jabu ta," in ji Ɗan Juma. "Kun ga amfanin gwaji."

Zahra'u ta rufe fuska da gyale ta shige ɗaki.

"Kawo turmi," ya ce da Mariya.

"Ni ba ni daka dutse."

"Wa yac ce ki daka? Ni za ni yi."

"Namiji da taɓarya, ranar da za a zo neman ɗiyarka?"

Ya tattare babbar rigarsa fara sol da ya riga ya saka, ya ɗaga taɓarya kamar zai sare ƙashin baya, ya sauke. Wani dunƙulen kankana ya yi tsalle daga turmi, ya haura katanga, ya faɗa cikin kwanon kokon Dada, tsohuwar maƙwabciyarsu, da ke zaune a inuwar darbejiya.

"Jama'a ku hito!" suka ji ta tana kururuwa. "Ƙanƙara ta sauko ba hadari! Kuma ja ta!"

Ya sake ɗagawa. Na biyun bai haura katanga ba, goshinsa ya samu. Nan take wurin ya tashi kamar ƙwan zabo.

Rana na ta tafiya, kaya sun fara tsatsafo ruwa. Ya sake kinkimar bokiti sai gidan Taibatu mai injin markaɗe, a bayan masallacin unguwa. Ya tarar da layin mata da robobinsu na tattasai da wake, ya ratsa su da sallama har gaban inji.

"Taibatu, gaggawa ta. Aikin malamai na."

"To bari in ɗauraye injin. Attarugun gidan suna nig gama niƙawa yanzu, mudu biyu."

"Ki zuba mai ruwa ki kashe mani sanyi? Zuba haka nan."

"Ɗan Juma, attarugu na hwa."

"Lemun tsami ka kashe komi. Kudu ma ban ga sun ɗauraya ba."

"Kudun da injina sunka niƙa?"

Mata suka kwashe da dariya. Taibatu ta ɗaga kafaɗa, wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho, ta ja igiya inji ya tashi. Da farko ya karɓa da ƙyar, yana ƙwarewa yana tari. Da ya iso kan kitse sai ya yi nauyi, bel ya fara zamewa, Taibatu ta danna da muciya, inji ya yi wani gurnani ya feso abin da ke cikinsa a ƙirjin farar rigar Ɗan Juma. Sauran ya gangaro cikin bokiti a hankali, mai kauri, launinsa tsakanin ja da ruwan ƙasa.

Wata mata mai suna Bushra, da ke kusa da bokitin, ta ja hanci ta yamutsa fuska.

"Wai ni kaɗai ka jin ƙarni?"

Kalmar da ya fi tsana a makon nan ke nan. Ya juyo a fusace.

"Ƙarnin mi? Kankana na da jini?"

"Ni dai hancina bai taɓa yi mani ƙarya ba."

Ya sunkuya ya shaƙa, tsakani da Allah, har sau biyu. Bai ji komai ba sai ƙamshin mangwaro. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Mutumin da ya shekara arba'in a mahauta, hancinsa ya daɗe da yin sulhu da ƙarni, ko a kwance yake cikin tumbi iska mai daɗi yake ji.

"Hassada ta," ya ce, ya ɗau bokitinsa.

A gida ya matse lemun tsami har hannunsa ya yi fari, ya juye sukari ba awo, ya sayo ƙanƙara ya farfasa cikin buhu da ƙotar gatari ya zuba. Da sanyi ya sake kama abin, sai wasu fararen gudaji suka taso sama suna yawo, ga kuma ɗige-ɗige ja.

Mariya ta leƙa. "Mi na wanga hwari-hwarin?"

"Kirim na. Shi ka nuna an iya."

"Jan hwa?"

"Kankana."

Ta shaƙa. Ita ma shekararta ashirin da huɗu a gidan, hancinta ya bi na mijinta. Sai dai ta ja baya tana murza ido.

"Idona ka yi mani yaji."

"Sanyi na."

Ta ɗauko ludayi za ta ɗanɗana, ya tare hannunta. "Ba mai sa baki kahin malamai. Albarkar hwarko tasu ta."

"To kai ɗanɗana."

"Azumi nika yi."

Mariya ta dube shi, da ƙulun goshinsa da rigarsa, sannan ta ce, "Allah shi kyauta," ta koma wajen 'yarta.

Bayan azahar baƙi suka iso. Malam Kamaluddeen ne, baffan Shafi'u, dattijo mai farin gemu da sanyin magana, tare da ƙanensa Malam Shamsuddeen, wanda fuskarsa ba ta cika sakin fara'a ba. Motar haya ce ta kawo su, sun sha rana, leɓunansu sun bushe. Ummaru ya tarbe su a zaure, aka shimfiɗa darduma. Maƙwabta suka shigo a matsayin shaidu, har da Khalifa mai tsire, wanda ya cika alkawari ya zo da kokonsa a aljihu.

Aka shiga gaisuwa. An zo lafiya, ya hanya, ya zafi, ya mutanen Maradun, ya ɗalibai, ya iyali, ya ƙoƙari, ya muka ji da wannan bazara. Aka zagayo aka sake daga farko. Duk wannan Ɗan Juma yana bayan ƙyauren da ya raba zaure da cikin gida, ya liƙa ido ɗaya a tsagar katako, bakinsa na motsi shi kaɗai yana amsa gaisuwar da ba shi ake yi wa ba.

Ummaru ya shiga ya ɗauko babbar kular da aka juye kashe-bazara a ciki, da kofunan gilashi. Da rana tsaka ya dawo daga Bakura, bai san komai ba sai abin da ƙanensa ya gaya masa. Ya zuba wa Malam Kamaluddeen tukuna, har baki. Kofin ya yi raɓa, sanyi na tashi daga cikinsa, ga mai ƙishi kuwa abin sha'awa ne.

Malam ya gyara zama, ya yi bismilla, ya kai baki ya yi kurɓa irin ta wanda ya sha rana.

Ya tsaya. Kofin na hannunsa a sama. Ya ɗaga kai ya dubi azarar zaure kamar mai neman wata aya da ta ɓace masa. Maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa. Hawaye ya gangaro daga idon dama ya shige cikin gemu. Amma shi mutum ne da aka yi wa tarbiyya, baƙo ba ya kushe abin da aka ba shi.

"Alhamdu lillahi," ya ce, da wata siririyar murya da ba tasa ba.

A bayan ƙyaure Ɗan Juma ya ga hawaye, ya ji hamdala. Zuciyarsa ta cika fal. Ya yi ƙoƙarin danne kansa, Allah ya sani ya yi, har ya kama ƙyauren da hannu biyu. Amma a yabi aikinsa yana ɓoye, wannan ya fi ƙarfinsa. Sai kawai aka ga uban yarinya ya faɗo zaure da sallama, da ƙulu a goshi da taswira a ƙirji.

Ummaru ya zare masa ido. "Ɗan Juma, koma ciki."

"Yanzu, Yaya. Allah shi gafarta Malam, yaya kaj ji shi? Ni niy yi da hannuna. Kar ka ji kunyar hawaye, kudu ma haka mutane ka yi. Kawo in ƙara maka."

"Ya isa," in ji Malam, yana kare kofinsa da tafin hannu. "Allah shi saka da alheri. Ya isa ƙwarai."

"A'a, ai akwai da yawa."

Ana haka sauran sun riga sun kai baki. Malam Shamsuddeen ya sarƙe da tari har hularsa ta faɗo cikin cinyarsa. Wani maƙwabci ya fita da gudu ba takalmi. Khalifa ya dubi cikin kokonsa, ya lashi leɓe, ya sake dubawa.

"Ɗan Juma, wanga ai romo na. Mantawa kay yi ba ka ɗora shi bisa wuta ba."

Ummaru ya kurɓi kaɗan, ya goga harshe a dasashi, fuskarsa ta canja.

"Kitse na. Kai, tsaya. Ledar da ni aje ma Khalifa cikin firiza, tana ina?"

"Ashe rabona nika sha," in ji Khalifa.

"Ƙarya ta!" in ji Ɗan Juma. "Duk hassada ta! Ku ba ni nan!"

Ya fizgi kofin wansa, ya cika shi, ya ɗaga kai ya juye gaba ɗaya don ya kunyata maƙiya.

Sanyi ne ya fara isa, ya yi masa sallama da daɗi. Sai tsami ya biyo. Sai kitse ya bi dasashi da harshe ya liƙe kamar an shafa kakin zuma. A ƙarshe attarugun gidan suna, mudu biyu, ya iso da jama'arsa, kitse ya riƙe shi ya hana shi wucewa. Idanun Ɗan Juma suka firfito. Ya buɗe baki zai ce wani abu, karo na farko a rayuwarsa magana ta ƙi fita. Ya yi tsalle ya suri butar alwalar Malam Shamsuddeen ya kafa kai.

Khalifa ya jira har ya shanye butar tas, sannan ya ce, "Af, Ɗan Juma, ina azumin?"

Zaure ya fashe. Dariya ta fita har titi, inda mata suka riga suka taru a bakin ƙofa, Taibatu na gaba tana ba da labarin inji, Dada na ba da na ƙanƙara.

Malam Shamsuddeen kaɗai bai yi dariya ba. Ya mayar da hularsa, ya raɗa wa wansa wata magana, ya fara waige-waigen inda ya bar takalmansa. Zauren ya yi tsit. A cikin shirun nan aka jiyo sheshsheƙar kuka daga cikin gida, ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ya toshe baki da gyale.

Ɗan Juma ya san muryar. Ya ji ta fi attarugun zafi. Ya ajiye buta, ya durƙusa a gaban Malam Kamaluddeen, leɓunansa sun kumbura, maganar na fita da ƙyar.

"Malam, laihina na ni kaɗai. Yarinyar ga ba ta sa hannu ba, uwatta ma ta hana ni. An ce mani mutanenku sun ce gidan mahauta ko ruwan randa ƙarni shika yi. Tsoro nij ji. Nic ce bari in ba ku abin da ba shi da haɗi da nama, ga shi na ba ku naman cikin kofi. In za ku tahi ku tahi da haushina, amma kar ku hukunta ɗiyata da wautar ubanta."

Malam Kamaluddeen ya zaro hankici ya share ido, ya share gemu, ya ɗan yi gyaran murya don ya ga ko ta dawo.

"Shamsu, zauna," ya ce da ƙanensa. Sannan ya juyo. "Malam Ɗan Juma, wadda tay yi waccan magana, ko jiya da naman mahauta tay yi miya. Ni shekarata saba'in ina cin abin hannunku, ban taɓa jin ya hana ni karatu ba. In gaya maka gaskiya? Tun sahe ban ci komi ba. Nic ce gidan mahauta za ni, bari in bar wuri."

Ummaru ya rufe fuska don kunya. Khalifa bai jira an aike shi ba, ya miƙe ya nufi tukubarsa.

"Batun azumi kuwa," in ji Malam, "wanda yam manta yas sha, ba komi bisa kainai. Balle kai, abin da kash sha shi kanshi kaffara na."

Wannan karon har Malam Shamsuddeen sai da haƙoransa suka bayyana.

Aka kawo tsire da balangu mai zafi cikin takarda, Mariya ta aiko da fura mai sanyi a ƙwarya. Baƙi suka ci suka sha har gumi ya tsatsafo musu. Ba wanda ya sake ce wa Ɗan Juma ya koma ciki, al'ada ta riga ta sha kashe-bazara ita ma. Ya rakuɓe a lungu yana hura baki.

Da aka wanke hannu, Malam Kamaluddeen ya fuskanci Ummaru ya yi salati, ya ce sun zo ne nema wa ɗansu Shafi'u auren Zahra'u. Ummaru ya ce sun ba su, Allah ya sa albarka. Aka shafa fatiha. Daga cikin gida guɗa ta tashi, mai tsawo, kuma duk wanda ya san muryar Mariya ya san har da huce haushi a ciki. Ɗan Juma ya sunkuyar da kai, hawayen da ke zubo masa yanzu ba na yaji ba ne.

Sai dai hali zanen dutse. Guɗar ba ta gama sauka ba ya ɗago.

"Yanzu na gane inda kuskuren yake. Ranar walima, in Allah ya kai mu, ganga guda za ni..."

"A'a!" in ji Ummaru da Malam Shamsuddeen a tare.

Malam Kamaluddeen ya ɗaga hannu. "Shaidu ku ji. Mu ba mu zo da sharaɗi ba, amma yanzu mun samu guda. Ranar biki, surukinmu shi riƙe wuƙa. Kofi kuwa, ko na ruwa, a miƙa mai dai, kar shi miƙa ma kowa."

"Mun shaida!" in ji zaure gaba ɗaya, har da matan da ke waje.

Washegari da safe mahauta ta cika tun kafin a kayar da sa na farko, kowa ya zo ganin yadda Ɗan Juma zai ɗaga ido. Ya iso da leɓe kamar an ɗora masa ƙoda biyu, ya ɗaura bantensa na aiki, ya hau wasa barho a natse.

Wani mai sayen hanta da bai je ba ya ce, "Ɗan Juma, yaya kashe-bazara? An ce abin bai yi ba."

Ɗan Juma ya gwada kaifin wuƙar a farcensa.

"Bai yi ba? Kurɓa guda Malam yay yi, yaz zubda hawaye, yay yi hamdala, bai bar zauren ba sai da yan nemi ɗiyata. Ga Khalifa nan, yana wurin. Khalifa, ƙarya niy yi?"

Khalifa ya buɗe baki, ya yi tunani, ya rufe.